Darasi na 9: Farin da Ke Fitowa a Baki da Raunin Garkuwar Jiki

Lokaci: Awa ɗaya, bayan an gama zubi an rufe akwati.

Kayan aiki: Wannan littafi, kofi da ruwa mai tsabta, gishiri kaɗan, ƙaramin cokali, da ɗan kindirmo a murfin kwano.

Manufar darasi: A ƙarshen zaman nan, kowace mace ta iya gane funfunar baki, ta san alaƙarta da raunin garkuwar jiki da cutar HIV, ta san lokacin da ya wajaba a tafi asibiti, ta kuma san abin da ƙungiya za ta yi wa 'yar uwa ba tare da an tona mata asiri ba.

Ga jagora, kafin ki fara

Ki tuna wa mata dokar zamanmu: abin da aka faɗa a kan tabarmar nan, a nan yake tsayawa. Ba za a leƙa bakin kowa ba a wannan zama, ba za a kira sunan kowa ba, ko ta cikin ƙungiya ko ta cikin gari. Mai yiwuwa cikin waɗanda ke zaune gabanki akwai mai ɗauke da HIV, ko mai jinyar wani a gida, kuma ba ki sani ba. Don haka ki yi magana yadda za ki so a yi a gaban ƙanwarki. Ki ce “mai ɗauke da HIV” ko “cuta mai karya garkuwar jiki”. Ki guji sunayen da ake jifan mutane da su a gari.

Labarin buɗewa

Ki karanta a hankali. Labarin misali ne, ba na kowa ba ne a nan.

Akwai wata mata mai tuyar ƙosai a bakin kasuwa. Shekara biyu tana cikin ƙungiyar adashi, ba ta taɓa fashin zubi ba. Ta karɓi rance ta sayi buhun wake, tana biya daidai. Wata rana ta tashi da safe ta ji bakinta na zafi, ta duba madubi, sai ga wani farin abu a harshenta da cikin kumatunta. Ta ce zafin ciki ne. Ta aika yaro kemis ya sayo mata kafso, ta sha kwana biyar. Maimakon ya tafi, sai ya ƙaru. Ta sake sayen wani. Ta goge harshen da tsumma da toka, wurin ya yi ja ya fara jini, bayan kwana biyu farin ya dawo.

Ta daina cin abinci mai yaji. Daga baya tuwo ma ya gagara, domin in ta haɗiya sai ta ji zafi a ƙirji kamar loma ta tsaya. Zanenta ya fara yi mata yawa. In za ta yi magana sai ta ja mayafi ta rufe baki. Ta kasa tsayuwa gaban kasko. Sati biyu a jere ba a gan ta wurin zubi ba.

Ki tsaya nan, ki tambayi mata: Me kuke gani yake damun wannan baiwar Allah? Me ya sa kafso bai yi mata aiki ba? Me ya hana ta faɗa wa kowa? Ki saurari amsoshi, kada ki yanke hukunci tukuna. Za mu dawo kan labarin.

Mene ne wannan farin abu?

Kowa ta san funfuna, wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu ko hatsin da ya sha damshi. To, akwai wata 'yar uwarta ƙanƙanuwa, dangin yis ɗin da ake sa wa fanke, wadda ido ba ya gani. Ma'aikatan lafiya suna kiran ta kandida. Tana zaune a bakin mutane da yawa masu ƙoshin lafiya, da hanjinsu, da gaban mace, kuma ba ta yi musu komai. Garkuwar jiki da wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune tare da ita su ne ke danne ta, su hana ta yawa.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka kandida take. Ba daga waje ta zo ba, da ma tana nan tana jira. Ranar da garkuwar jiki ta yi rauni, sai ta yaɗu ta rufe harshe da cikin baki. Wannan shi ne abin da za mu kira funfunar baki a darasin nan.

Yadda ake gane ta

Jagora, ki nuna kindirmon da ke murfin kwano. Kamanninta ke nan.

Na ɗaya, farin abu mai gudaji kamar kindirmo a kan harshe, cikin kumatu, dasashi, ganɗa, wato saman baki, ko can ciki wajen maƙogwaro. In an goge shi yana fita, amma ƙarƙashinsa ja ne, yana zafi, wani lokaci har da ɗan jini.

Na biyu, wani lokaci babu farin sam. Sai dai harshe ko ganɗa su yi ja sumul, suna raɗaɗi kamar an ƙone da kunu mai zafi.

Na uku, tsagewa a kusurwoyin baki biyu, inda leɓen sama da na ƙasa suka haɗu, ta ƙi warkewa.

Na huɗu, abinci ya daina daɗi, baki ya bushe, mutum ya ji kamar an cusa masa auduga.

Kada mu rikita ta da farin da kan kwanta a harshe lokacin azumi, ko zazzaɓi, ko in mutum bai sha ruwa sosai ba. Wancan siriri ne, ba ya zafi, in an yi asuwaki an sha ruwa sai ya tafi, kuma ba ya barin ja a ƙarƙashi. Akwai kuma wani fari mai layi-layi da kan fito a gefen harshe wanda ba ya goguwa ko kaɗan. Shi ba funfuna ba ne, amma shi ma yakan nuna raunin garkuwa, don haka a nuna wa ma'aikacin lafiya.

Ina ruwan HIV da wannan?

A cikin jininmu akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke jagorantar tsaron jiki. Ana kiran su CD4. Mai lafiya yakan sami tsakanin 500 zuwa 1,500 a ɗan ɗigon jinin da ake aunawa. Ƙwayar HIV waɗannan take shiga, ta hayayyafa a cikinsu, ta kashe su.

Mu ɗauki misali da akwatinmu. A ce wani ya sami hanyar zare naira ɗari kullum ba wanda ya sani. Watan farko ba za a lura ba. Akwati yana nan, makullansa uku suna nan, daga waje lafiya lau. Sai ranar da wata ta zo neman rance a buɗe a ga babu. Haka HIV take yi. Mutum zai iya yin shekaru, wani har kusan goma, yana noma, yana haihuwa, yana ƙiba, alhali CD4 tana raguwa a ɓoye. Funfunar baki tana cikin alamomin farko da ake gani da ido cewa akwatin ya yi sauƙi. Ta fi yawa idan CD4 ta sauka ƙasa da 200.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa ciwon HIV mataki huɗu. Funfunar bakin da ta ƙi tafiya tana mataki na uku. Idan ta sauka cikin hanyar da abinci ke bi zuwa ciki, ta shiga mataki na huɗu. Babban mutum da ke mataki na uku ko na huɗu, ko wanda CD4 ɗinsa ta gaza 200, ana ɗaukar ciwonsa ya yi nisa, yana bukatar kulawa ta musamman cikin gaggawa. Ciwo ya yi nisa ba ya nufin an makara. Mutane da yawa sun fara magani a wannan hali, sun miƙe, sun koma sana'arsu.

Wannan magana ta shafe mu mata ƙwarai. Babban binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa cikin masu shekara 15 zuwa 49, kashi 1.9 cikin ɗari na mata ne ke ɗauke da HIV, maza kuwa kashi 0.9. Ke nan mata sun ninka maza.

A kula: ba duk mai funfunar baki ke da HIV ba

Wannan gaɓa ita ce ta fi muhimmanci a darasin. Jagora, ki maimaita ta sau biyu. Abubuwa da dama suna tsaga bangon:

Yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin su kafso, musamman ba tare da likita ya rubuta ba. Suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke danne kandida, ita kuwa ba sa taɓa ta. Dalilin da ya sa mai ƙosai ta ga abin yana ƙaruwa ke nan.

Ciwon suga da ba a kula da shi ba.

Magungunan ƙiba da ake sayarwa a kasuwa, domin wasu daga cikinsu suna ɗauke da sinadarin da ke kwantar da garkuwar jiki. Haka ma wasu magungunan asma na shaƙa, in ba a kurkure baki bayan amfani da su ba.

Rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin jini.

Maganin ciwon daji, haƙoran roba da ba a wankewa, shan taba, da tsufa.

Jarirai sababbin haihuwa ma sukan yi ta, domin garkuwarsu ba ta gama ƙwari ba.

Ita kandidar nan ce kuma ke kawo ƙaiƙayin gaba da farin ruwa mai kauri, wanda mata da yawa kan sa cikin abin da suke kira ciwon sanyi. Wannan yana samun mata masu lafiya, musamman masu ciki, kuma shi kaɗai ba alamar HIV ba ne.

Saboda haka ido ba ya gane mai HIV. Gwajin jini kaɗai ke faɗa. Duk wadda ta ga farin baki a wurin maƙwabciyarta ta fita tana yaɗa magana, ta ɗauki alhaki, kuma mai yiwuwa ƙarya ta yi. Amma ita mai abin, idan babba ce, funfunar ta fito ba wani dalili bayyananne, ko ta wuce sati biyu, ko ta tafi ta dawo, to ta je a gwada ta: gwajin HIV da gwajin suga, duka biyu.

Alamomin da ba a kwana da su

A tafi asibiti a ranar, ba sai an jira ranar kasuwa ba, idan mai funfunar baki tana da ɗaya daga cikin waɗannan:

Zafi wajen haɗiya, ko jin abinci na tsayawa a ƙirji.
Kasa cin abinci ko shan ruwa.
Rama da ake gani a fili.
Tari, zazzaɓi, ko gumin dare, domin tarin fuka shi ne ya fi kashe masu ɗauke da HIV.
Gudawar da ta ƙi tsayawa.
Ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, ko ruɗewa.
Numfashi sama-sama, ko kasa tafiya sai an riƙe.

Me za a yi a asibiti?

Gwajin HIV ɗan jini ne daga yatsa, kuma a ranar ake ba da sakamako, galibi cikin ƙasa da rabin awa. Ma'aikacin lafiya ba shi da izinin faɗa wa miji, ko uwar miji, ko kowa, sai da yardar mai gwajin. Idan gwaji ya nuna babu, amma ana zaton an haɗu da cutar kwanan nan, za a ce a dawo a sake, domin cutar takan ɗauki har wata uku kafin gwaji ya gan ta.

Magani kashi biyu ne, kuma dole a bambanta su.

Na farko maganin funfunar kanta. Akwai na ruwa mai suna nistatin, wanda ake riƙewa a baki, a juya shi ya taɓa ko'ina, sannan a haɗiye, sau huɗu a rana. Akwai na shafawa a cikin baki mai suna mikonazol. Akwai kuma ƙwaya mai suna fulukonazol. Na baki yakan ɗauki kwana 7 zuwa 14. Idan ta sauka hanyar abinci, ƙwaya ake sha, kwana 14 zuwa 21. A gama kwanakin ko da farin ya ɓace a kwana na uku. Mai ciki, ko wadda take zaton tana da ciki, ta faɗa tun kafin a rubuta mata, domin ba a son fulukonazol ga mai ƙaramin ciki.

Na biyu, ga wadda gwaji ya nuna tana da HIV, shi ne maganin da ke danne ƙwayar cutar, wanda ake kira ARV. Yawancin manya yanzu ƙwaya ɗaya suke sha a rana, mai suna TLD. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara wa duk wanda aka samu da cutar magani ba tare da jiran CD4 ta sauka ba, kuma haka ake yi a Nijeriya. Maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati da ke ba da shi, ko da yake akan biya kuɗin kati da na mota. Sau da yawa akan haɗa da Septrin don kare jiki daga wasu cututtuka, amma a sani Septrin ba ya maganin funfuna.

Maganin funfuna yana share baki. ARV shi ke toshe inda ɓarawo ke shiga akwati. Wadda ta sha na farko ta bar na biyu, farin zai dawo, kuma abin da zai biyo bayansa ya fi shi muni. Wadda ta riƙe ARV kullum, CD4 takan hau a hankali, funfuna ta daina dawowa. Bayan wata shida za a auna yawan ƙwayar cutar a jininta, a sake a wata na goma sha biyu, daga nan sau ɗaya a shekara. Idan ƙwayar ta ragu har gwaji ba ya ganin ta, kuma ta ci gaba da shan magani, ba za ta sa wa mijinta ta hanyar kwanciya ba. ARV ba ya fitar da cutar daga jiki, don haka ba a dainawa, ko an ji sauƙi, ko wani ya ce ya yi addu'a ko ya ba da sassaƙe an warke. Addu'a da magani tare suke tafiya. A watan azumi ma ba a bari. Ma'aikacin lafiya zai taimaka a daidaita lokacin sha.

Idan mai shan ARV ta ga funfuna ta dawo

Kada ta ji kunya, kada ta jira ranar da aka rubuta mata a kati. Ta koma, ta faɗi gaskiya. Mai yiwuwa ta tsallake kwanaki saboda tafiya, ko rashin kuɗin mota, ko ɓoye maganin da take yi kada kishiya ta gani. Mai yiwuwa maganin ne ya daina yi mata aiki, a canza wani. Mai yiwuwa kuma wani dalili ne daban, kamar suga. Ma'aikacin lafiya ba zai iya gyara abin da aka ɓoye masa ba.

Jarirai da masu shayarwa

Ragowar nono a harshen jariri yana goguwa cikin sauƙi da tsumma mai laushi. Funfuna kuwa tana mannewa, jariri ya riƙa kama nono yana saki yana kuka. A kai shi asibiti. Za a iya ba da nistatin, ko maganin nan mai launin shuni da ake kira GV, wanda ma'aikacin lafiya ne zai sirka shi daidai ƙarfin da ya dace da bakin jariri. Kada a shafa masa wanda ake sa wa ciwon fata kai tsaye. Kada a sa masa zuma, ko toka, ko kanwa. Idan kan nonon uwa ya tsage ko yana zafi, a yi musu magani tare, in ba haka ba za su yi ta mayar wa juna.

Funfunar da ta ƙi barin bakin yaro bayan ya wuce sati shida zuwa takwas, ko take ta dawowa, dalili ne na a gwada uwa da ɗa. Uwa mai ɗauke da HIV ta ci gaba da shan maganinta, ta ba da nono zalla wata shida, ta kai jaririn gwajinsa na musamman a sati na shida. Ciwo a bakin jariri ko tsagewar kan nono yana ƙara haɗarin cutar ta wuce wa yaro, shi ya sa ba a wasa da su.

Kulawa a gida

Jagora, ki nuna da hannunki: rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na ruwa mai tsabta mai ɗumi. A kurkure baki a zubar, bayan kowane cin abinci da kafin barci. Wannan yana rage zafi ne, ba ya maye gurbin magani.

A ci abinci mai laushi, kaɗan-kaɗan, sau da yawa: kunun gyaɗa, koko, faten wake, faten dankali, dafaffen ƙwai, tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa ba yaji, ayaba, gwanda, kindirmo ba suga. A bari abinci ya huce. A rage barkono, tsami, alewa, lemon kwalba da goro har baki ya warke. A sha ruwa sosai.

A wanke baki da buroshi mai laushi, ko asuwakin da aka tauna ya yi laushi sosai. Kowa da nasa, domin dasashi yakan yi jini. Kada a kankare harshe da reza, gawayi ko toka.

Mai jinya ta kwantar da hankalinta. HIV ba ta bin kwano, ko moɗa, ko tabarma, ko gaisawa, ko miyau, ko cizon sauro. Ku ci tare da ita. Sau da yawa mara lafiya ta fi cin abinci idan hannu biyu ne a kwanon.

Ƙarshen labarin: ɗan wasan kwaikwayo

Mata biyu su fito. Ɗaya ma'ajiyar ƙungiya ce, ɗaya mai ƙosai.

Ma'ajiya: Salamu alaikum. Maman yara, kina ciki?

Mai ƙosai: Wa alaikumus salam. Yaya, ke ce da kanki? Wallahi kuɗin nan zan kawo, jikin ne ya ƙi.

Ma'ajiya: Ni ba bashi na zo bi ba. Ke na zo gani. Yaya jikin?

Mai ƙosai: Da sauƙi.

Ma'ajiya: Da sauƙi a baki. Ga kununki nan tun safe ba ki taɓa ba.

Mai ƙosai: Yaya, haɗiya ce ba na iyawa. Bakina duk ya yi fari. Na sha kafso har na gaji. Tsoro nake ji in je asibiti a faɗa mini abin da ba zan iya ɗauka ba. In maigida ya ji fa? In gari ya ji, wa zai ƙara sayen ƙosaina?

Ma'ajiya: Abin da ke kawo farin nan yana da yawa, ni ban sani ba, ke ma ba ki sani ba. Ko mene ne, yana da magani. Gobe da sassafe zan zo mu tafi. Kuɗin mota daga asusun taimako ne, kina da haƙƙi a ciki. Ke kaɗai za ki shiga wurin likita, ni ina waje. In kin fito, in kin so ki faɗa mini, in ba ki so ba, ba zan tambaya ba.

Mai ƙosai: To, Yaya. Allah ya saka da alheri.

Jagora, ki ƙarasa: Sun je. Gwaji ya nuna tana ɗauke da HIV, CD4 ɗinta ƙasa da 200. An duba ta ko tana da tarin fuka, an ba ta maganin funfuna, an fara mata ARV. Cikin sati biyu ta fara cin tuwo. Ma'aikaciyar lafiya ta taimaka mata ta yi wa maigidanta bayani, shi ma ya zo aka gwada shi, aka gwada yaran. Bayan 'yan watanni ta koma gaban kasko, ta ƙarasa biyan rancenta. A ƙungiya, abin da aka sani kawai shi ne ta yi rashin lafiya ta sami sauƙi.

Me ƙungiyarmu za ta iya yi?

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Abu biyu ne suka fi hana mace zuwa asibiti: kuɗin mota da tsoron bakin mutane. Duka biyun ƙungiya tana da abin yi a kansu. Ku tattauna waɗannan shawarwari, wadda kuka amince da ita magatakarda ta rubuta a cikin dokokinku:

Mamba za ta iya neman kuɗin zuwa asibiti daga asusun taimako ba tare da ta faɗi sunan ciwonta ba. A littafi a rubuta “lafiya” kawai.

Wadda ta yi fashin zubi sau biyu a jere, a tura mace ɗaya da ta yarda da ita ta je dubiya kafin a yi maganar tara.

Mara lafiya za a iya ɗaga mata lokacin biyan rance bisa yardar mambobi.

Ba a korar kowa, ba a hana ta rance ko riƙe makulli saboda HIV. A Nijeriya akwai dokar 2014 da ta haramta nuna wa masu ɗauke da HIV bambanci.

Duk wadda ta fitar da sirrin lafiyar 'yar uwa, a yi mata hukuncin da ƙungiya ta yanka.

Shugaba ta binciko asibiti mafi kusa da ke gwaji da ba da ARV, da ranakun da ake zuwa, da kuɗin mota zuwa da dawowa, ta sanar da kowa a zama mai zuwa. Ta tambaya kuma ko akwai ƙungiyar taimakon juna ta masu ɗauke da cutar, irin waɗanda ke ƙarƙashin NEPWHAN.

Tambayoyin bita

1. Ta yaya za ki bambanta funfunar baki da farin harshen mai azumi?
2. Ki faɗi abubuwa uku, ban da HIV, da ke kawo funfunar baki.
3. Me ya sa kafso ba ya maganinta?
4. Wace alama ce ke nuna ta sauka hanyar abinci?
5. Mene ne bambancin aikin maganin funfuna da aikin ARV?
6. Idan ƙawarki ta nuna miki bakinta ta ce kada ki faɗa wa kowa, me za ki ce mata, me kuma za ki yi?

Abin tafiya da shi gida

Funfunar baki ba hukunci ba ce, saƙo ne daga jiki cewa tsaro ya yi rauni. Wadda ta gan ta a bakinta, ta je a gwada ta. Wadda ta gan ta a bakin 'yar uwa, ta kama bakinta, ta raka ta asibiti.

Aikin wannan sati: kowace mace ta duba bakinta a madubi da hasken rana, ta ɗaga harshe, ta duba cikin kumatu da ganɗa. Ta duba na yaranta. Abin da ta gani nata ne, ba za a tambaye ta a zama mai zuwa ba.

A rufe da addu'a. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya da rufin asiri.